Hannun da Ya Karɓi Finjali

Salala, Oman
9 ga Satumba

Zuwa ga Ruwaida, 'yar yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Babanki da Mamanki da yayanki Mu'ayyad da iyalinsa. Ni lafiya ƙalau, sai yayyafin garin nan da ya hana shanyata bushewa har mako biyu. An koma makaranta, an ba ni aji uku na 'yan mata. Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne ba shi da kyau.

Babanki ya faɗa mini a waya cewa sunanki ya fito a cibiyar kula da masu naƙasa, za a turo mai awo gida ran sha biyu ga Nuwamba, ta duba ki domin keke mai batir. Na yi murna har na kasa zama. Ban ce komai a wayar ba, don na san gidanmu: a tsakiyar falo ake ajiye waya, kowa yana ji, kowa yana amsawa. Shi ya sa na koma ga takarda.

Akwai wani ruɗani da ke damun mutanenmu, ina ganinsa har a wajen ɗalibaina. Muna zaton faɗin abin da ke damunmu rashin godiya ne ga Allah. A tambayi mace, "Ina ke miki ciwo?" sai ta ce, "Alhamdulillahi," ta rufe baki. Godiya daban, bayani daban, 'yata. Ki gode wa Allah da zuciya ɗaya, sannan ki amsa tambayar da aka yi miki. Mai awon nan ba gaisuwa za ta kawo ba. Abin da ta gani da abin da ta ji cikin awa ɗaya shi za ta rubuta, a kan wannan rubutun za a haɗa keken da za ki zauna a ciki shekara biyar. Abin da ba ki faɗa ba, a wajenta babu shi.

Ga abin da nake so ki yi. Ki samu ƙaramin littafi, ki rubuta kwanakinki na mako guda, daga farkawa har kwanciya. Ƙarfe nawa ƙarfinki yake fara tafiya? Wane hannu ne yake riga gajiya? Minti nawa kike iya riƙe kanki a tsaye ba jingina? Kada ki rubuta ranar da kika fi jin daɗi, ki rubuta wadda ta fi muni, don a ranar ne za ki fi buƙatar keken. Ki auna ƙofar ɗakinki da ƙofar baya ta kicin wadda ke fita kai tsaye layin saman tudu, ba matakala. Ki rubuta inda kike son zuwa, da sunansa, ba "waje" kawai ba. Babanki ya ce ɗakin karatun unguwa zai ɗauke ki aiki farkon shekara idan za ki iya zuwa da kanki. To ki faɗa mata haka, ki ce akwai hawa a hanyar. Idan wani ya amsa a madadinki, ki ce da ladabi, "Bari in amsa da kaina." Za ki iya. Ke ce fa kika gyara wa malamin nahawu kuskure kina 'yar shekara goma.

Kafin ranar, ki ɗaga mayafin da aka rufe keken Gwaggonki Nahida da shi, wanda ke lungu tsakanin ɗakinki da kicin. Ki dube shi da kyau. Ina so ki ga abin da ke jiranki.

Gwaggonki,
Rasmiyya

*

Salɗ, Jordan
28 ga Satumba

Gwaggo Rasmiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Mu'ayyad ne ya ɗauko ta daga gidan waya. Kowa lafiya. Baba yana fama da gwiwa, amma ya ce in ce miki ba komai. Mama tana gaishe ki. Zaitun ya kusa nuna.

Kwana shida na yi kafin in iya amsa miki. "Ina so ki ga abin da ke jiranki." Na gode, Gwaggo. Kina tsammanin ban sani ba? A ɗakinta nake kwana. Ta tagarta nake leƙa layi. Ciwonta ne a jikina, ta hannun dama ya shigo mini kamar yadda ya shigo mata. Tun ina da shekara sha biyar maƙwabta suke kallona su ce, "Kamar Nahida," sannan su dubi ƙasa. Kullum sau huɗu ake tura ni a kujerata mai taya ta gaban keken nan, kuma duk lokacin da iska ta shigo ta ƙofar kicin sai gefen mayafin ya motsa, kamar wanda ke ƙarƙashi ya gyara zama. Na ɗauka ke kaɗai ce ba za ki taɓa faɗa mini haka ba.

Ban ɗaga mayafin ba. Mama ta jera kwalaben zaitun a kai, su zauna abinsu. Kowa a gidan nan ya san labarin: an ba Gwaggo Nahida kyautar keke mai tsada, taurin kai ya sa ta ƙi hawa, ta zauna a ɗaki har ta rasu. Idan kina tsoron zan yi taurin kai irin nata, ki kwantar da hankalinki.

Maganar ƙofar baya kuwa na gwada. Shekaranjiya muna karin safe na ce, "Baba, ina so matar nan ta shigo ta baya, ta ga ɗakina."

Ya ajiye gurasar da ke hannunsa. "Ta kicin? Baƙuwa daga cibiya, a gidan Abu Mu'ayyad, ta tsallaka buhun albasa da tulun gas? Ɗakin baƙin don wa aka gina shi?"

Mama ta ce, "Ga bangon lungun nan duk ya yi baƙi."

Mu'ayyad ya ce, "Ku saya mata turare kawai, tun da neman aurenta za a zo yi."

Na ce, "Kai da aka je nema maka, ai ɓoye ka aka yi a bayan Baba kada su gan ka su fasa."

Kowa ya yi dariya har Baba, maganar kuma ta mutu a nan. An kira mai fenti ya gyara ɗakin baƙi na ƙasa. Mama ta fito da rigata mai jan aiki a ƙirji, ta yi maganar kunafa da mai shagon kayan zaƙi na kasuwa. Daga baya Baba ya zo ƙofata ya ce, "Kada ki damu, 'yata, ni zan yi bayani. Akwai maza a gidan nan. Ba mu taɓa gajiya da ke ba, kada wani ya zaci mun gaji."

Me zan ce masa, Gwaggo? Ke da kika san komai.

Ruwaida

*

Salala
15 ga Oktoba

'Yata Ruwaida,

Sallama da gaisuwa gare ki da mutanen gida. Allah Ya ba Babanki sauƙin gwiwa. Ni lafiya.

Ki gafarce ni. Jimlar nan ba ta ƙare ba, na datse ta ne don na gaji da rubutu. Abin da na so in ce shi ne: abin da ke jiranki idan kika bari aka amsa a madadinki. Ba ajali nake nufi ba, wannan na Allah ne. Amma tun da na ji miki ciwo da rabin magana, dole in ba ki cikakkiya. Shekara ashirin da biyu ban faɗa wa kowa ba.

Nahida ba ta da taurin kai.

Kina goye a lokacin. Wata ƙungiya ta turo mutum ya auna ta. Ƙarfe goma na safe muka sa ya zo, don mun san da safe ta fi ƙarfi, muna so ya gan ta da kyan gani. Na yi mata wanka, na sa mata rigarta mai aiki. Babanki ya ɗauko ta ya sauko da ita matakalan nan goma sha tara. Muka tokare ta da matasai ta ko'ina. Ni da hannuna na cusa mata ƙaramin matashi a ƙarƙashin gwiwar hannun dama, kada hannun ya faɗi a gaban baƙo.

Kakanki ya zauna a kujerarsa. Babanki ya tashi da butar gahawa a hagu, finjali a dama, kamar yadda aka koya masa. Ya ba baƙo, ya ba Kakanki, ya iso kan Nahida. Kin san gidanmu: ko yaro ba ya karɓar gahawa da hagu, balle a gaban baƙo. Ta tattara duk ƙarfin da take da shi na ranar, ta ɗaga hannun dama, ta karɓa. Finjalin bai zube ba.

Mutumin yana kallo. Ya sunkuya ya yi rubutu, ya ce, "Hannun dama lafiya ke nan."

Na ga ta buɗe baki. Na riga ta. Na ce, "Lafiya lau, Alhamdulillahi, da shi take cin abinci."

Ni ce mai digiri a gidan, ni kowa yake kallo idan baƙon boko ya zo. Ya tambaya ko tana fita. Kakanki ya ce, "'Yan'uwanta suna nan, suna ɗaukarta duk inda take so." Ya auna ƙofar ɗakin baƙi, mai ganye biyu, ya dubi matakalan titi ta taga, ya girgiza finjalinsa alamar gahawa ta ishe shi, ya yi godiya, ya tafi. Bai san akwai ƙofar baya ba. Bai san tana da ɗaki a sama ba.

Bayan wata huɗu keken ya iso. Mutum huɗu suka hau da shi sama. Ɗan mariƙin tuƙin nan da muke kira linzami, a dama aka sa shi. Faɗin keken ya fi ƙofarta da yatsa biyu.

Ta gwada, Ruwaida. Wata rana bayan la'asar na ɗora ta a kai a cikin lungun. Ta kama linzamin, hannun ya ƙage a kansa, ta kasa saki. Keken ya daki katakon ƙofarta, ya ja baya, ya sake duka, sau uku, kafin in gane inda ake kashewa. Ki dubi katakon daidai tsayin gwiwarki. An shafa fenti, amma za ki ji ramukan da yatsa.

Da ta dawo cikin numfashinta ta ce, "Rasmiyya, ki rubuta musu." Kakanki ya ce ba a karɓi kyauta a koma da ƙorafi, mutuncin gida ya fi keke. Ban rubuta ba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa. Shekara shida ta yi a ɗakin nan. Da mutane suka fara cewa taurin kai ne, na yi shiru, don labarin ya fi mini sauƙi.

Bayan rasuwarta na nemi aikin nan. Har yau idan na'urar sanyaya ɗakin malamai ta tashi da la'asar, kukan injin keken nake ji, sai in ga na miƙe tsaye ina neman inda ake kashewa.

Kada ki ga laifin Babanki. Yana ganin idan kika faɗi abin da ba ki iya ba, kamar kin ce bai riƙe ki da kyau ba ne. Amma ki kira cibiyar da kanki, ki roƙi a mayar da lokacin bayan la'asar. Kuma kada ki bari kowa ya sa miki matashi.

Gwaggonki,
Rasmiyya

*

Salɗ
2 ga Nuwamba

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An fara tsinke zaitun, gidan duk warin ganye da gishiri.

Na taɓa katakon. Uku ne, kamar yadda kika ce. Shekara takwas ina wucewa ta gefensu ina zaton tsufan itace ne.

Ran Talata Mama ta kwashe kwalaben daga kan keken don ta wanke, ta tafi gidan maƙwabta aron gishiri, kin san aron gishirin Mama awa biyu ne. Na ja kaina da bango har lungun, na kama gefen mayafin da hagu na ja. Ya sauko gaba ɗaya a kan cinyata. Gwaggo, sabo ne. Ledar da aka naɗe madogarar hannun hagu da ita tana nan ba a cire ba.

Akwai aljihu a gefen kujerar. Na sa hannu don kawai in ga ko akwai takardar kamfani. Na samu wata 'yar takarda a ninke huɗu, rubutun ya karkace irin na mai rubutu da hagu. Ga abin da ke ciki, ban canza komai ba:

"Abin da zan faɗa wa mutumin gobe. Hannuna na hagu ya fi ƙarfi. Bayan la'asar kaina yana faɗuwa gefe. Ƙofata ƙarama ce. Ta baya nake so in riƙa fita. Ina so in je ƙarshen layi wajen ɓauren nan, inda ake hango kwari."

Ta shirya, Gwaggo. Ta rubuta tun jajibiri, kamar yadda kika ce in yi. Wataƙila takardar tana cikin rigarta lokacin da ta karɓi finjalin. Ta ajiye ta wata huɗu har keken ya zo, sannan ta saka ta a aljihunsa. Don wa? Ba a haife ni da ciwon a fili ba, ba wanda ya sani a lokacin. Amma tun ranar Talata nake ji kamar ni aka ajiye wa.

Ban san ko ina fushi da ke ba. Wani lokaci ina yi. Amma na yi abin da kika ce. Littafina ya cika shafi goma sha ɗaya. Na auna ƙofata da tef ɗin ɗinkin Mama, santimita sittin da huɗu ce. Na kira cibiya da kaina, suka yarda aka mayar da lokacin ƙarfe uku da rabi. Da Baba ya ji, ya ce, "Kin mayar da ni baƙo a gidana." Kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Maganar ƙofar baya ya ce kada in sake tayar da ita.

Ban nuna masa takardar ba. In nuna? Ina tsoron abin da za ta yi masa. Na san amsarki ba za ta iso kafin ranar ba. Saura kwana goma.

Ruwaida

*

Salala
17 ga Nuwamba

Ruwaida,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Takardarki ta iso jiya, kwana huɗu bayan an gama komai. Na karanta rubutun Nahida a tsaye a bakin ƙofar makaranta, sai da mai gadi ya kawo mini kujera.

Ran sha biyu da yamma na kira gida. Babanki ya ɗauka. Na ce, "Fawwaz, ya aka yi?" Ya ce, "An yi, Alhamdulillahi," ya miƙa wa Mamanki, ita kuma ta shiga ba ni labarin kunafa. Amsar Babanki, kalmomin da Kakanki ya faɗa wa maƙwabta ke nan ranar awon Nahida, ba ragi ba ƙari.

Idan an sake yi miki abin da muka yi mata, ki faɗa mini. Wannan karon zan rubuta musu, ko Babanki zai daina yi mini magana har abada. Ki amsa da wuri. Ba zan tsawaita ba, alƙalamin yana ba ni wahala.

Gwaggonki

*

Salɗ
30 ga Nuwamba

Gwaggona Rasmiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an gama matsar mai, Mama ta ware miki galan guda. Ki yi haƙuri da jinkiri, na kwanta kwana huɗu bayan ranar, gajiya ce kawai.

A maganar ƙofa Baba ne ya yi nasara. Ƙarfe uku Mama ta sa mini jar rigar, Mu'ayyad ya sauko da ni yana cewa na ƙara nauyi, kunafar da ba a ci ba tukuna ta riga ta kama ni. Littafina da takardar Gwaggo Nahida suna cikin hannun rigata. Mai awon ta shigo ta ƙofar gaba. Sunanta Malama Tahani, gajera, da jaka da tef a wuya kamar tela.

Muna zama na ji Mama tana cusa mini wani abu a ƙarƙashin gwiwar hannun dama. Ƙaramin matashi ne mai kore. Ban san ko shi ne wancan ba, ban tambaya ba. Na ce a hankali, "Mama, cire." Ta cire. Hannun ya zame ya kwanta a cinyata.

Baba ya tashi da buta. Ya ba baƙuwa. Ya iso kaina. Na miƙa hagu.

Bai saki finjalin ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ruwaida. Dama."

Na ce, "Baba, daman ba ta nan. Kullum da la'asar take tafiya."

Malama Tahani ta dubi finjalinta. Mu'ayyad ya fara cewa, "Ai wasa take, da safe har..." Na ce, "Yaya, bari in amsa da kaina." Sannan na zaro takardar na ɗora a gwiwata inda Baba zai gani. Ban shirya yin haka ba. Ya san rubutun tun kafin ya sunkuya. Ya karanta a tsaye, buta a hannu ɗaya, finjali a ɗayan. Layi biyar ne, amma ya daɗe.

Sai ya sa mini shi a hannun hagu, ya naɗe yatsuna a kai da nasa.

Ya juya ya ce, "Malama, ki yi mana haƙuri. Za mu bi da ke ta kicin."

Ta ce, "Abu Mu'ayyad, ni a kicin nake aikina. Ɗakin baƙi ba ya faɗa mini komai."

Awa biyu ta yi. Na karanta mata littafina, har shafin da na ji kunyarsa, na banɗaki. Ta ga yadda kaina yake karkata da ƙarfe biyar. Ta sa na matsa yatsunta da kowane hannu. Baba ne ya riƙe mata bakin tef a ƙofata. Ta fara rubuta cewa a gida zan fi amfani da keken, na ce a'a, aiki zan je, ta goge. Baba ya fita da ita ta baya, da gwiwar tasa, suka taka layin har ɗakin karatu don ta ga hawan.

Ba duk abin da na nema na samu ba. An rubuta linzami a hagu, madogarar kai, faɗin da zai shiga ƙofata, da injin da zai iya hawa. Kujera mai kwantawa baya kuwa ta ce sai kwamiti ya zauna. Na ce ta rubuta cewa na nema, da dalilina, ta kuma ba ni kwafi. Ta dube ni ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce gwaggonnina biyu. Mako mai zuwa zan je cibiya in gwada irinsa, na ce ba zan sauka ba sai na yi awa guda a kai.

Akwai abu ɗaya da na yi ta tunanin ko in ɓoye miki. Amma ke ce kika ce rabin magana ya fi ciwo. Da za ta fita, ta tsaya a gaban tsohon keken, ta taɓa linzamin ta ce, "Irin na da ne. Waɗannan ai ana juya linzaminsu ɗaya gefen, noti huɗu kawai ake kwancewa." Ba ta san abin da ta faɗa ba. Baba yana tsaye a wurin, ya ji. Shi ya sa da kika kira ya kasa magana. Washegari na same shi a lungun da akwatin kayan aikinsa. Ya kwance notin huɗu, ya mayar da linzamin hagu, ya cire ledar. Batirin ya mutu tun tuni, keken ba zai sake motsi ba. Ya hana Mama mayar da mayafin.

Yanzu saura ke, Gwaggo. Takardunki uku suna gabana. A ta farko layukanki a miƙe suke har tsakiyar shafi, daga nan suka fara gangarowa. A ta ƙarshe tun layi na uku suka faɗi. Sau biyu kin ce alƙalami ne, sau ɗaya kin ce gajiya. Ni na san wannan rubutun, irinsa na yi shekara biyu kafin in koma hagu. Wataƙila ba komai ba ne, Allah Ya sa haka. Amma ki samu ƙaramin littafi. Ki rubuta mako guda, ranar da ta fi muni ba wadda ta fi daɗi ba. Ki nemi likita ya gan ki bayan la'asar. Idan ya ce, "Ina ke miki ciwo?" ki gode wa Allah, sannan ki ci gaba da magana. Ki gwada sau ɗaya, ki rubuto mini yadda kuka yi, da duk hannun da ya fi miki sauƙi.

Idan keken ya iso, wajen ɓauren zan fara zuwa, takardarta a aljihuna. Zan so ki kasance a gefena. Ki shigo ta baya.

'Yarki,
Ruwaida